Lomar Gefen Akushi

Duk wanda ya sauka mota a bakin titin Kankiya ya tambayi inda ake samun daddawa ta gaske, gidan Mairama za a kwatanta masa, kuma ba sai an raka shi ba, hancinsa zai kai shi. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin dantse, ta ba sittin baya, ga faɗa ga kyauta. Idan kika taya daddawarta da arha sai ta wanke ki tas, in kin juya za ki tafi kuma ta ƙara miki gyara har kunya ta kama ki. Matan unguwa sun saba da wannan halin, ba su ganin komi a ciki. Abu guda suke raɗa a kansa, shi ma bai daɗe da farawa ba: tun bayan addu'ar arba'in ɗin wanta Ɗalha, Mairama ba ta buɗe akushi a tsaye. In mijinta ya shigo da shi bayan an ci tuwo, sai ta nemi wuri ta zauna, ta ajiye shi a gabanta, ta ƙura wa faifan da aka rufe shi da shi ido. Sai ta yi bisimilla sannan ta ɗaga, a hankali, kamar mai tsoron kunama.

Mafarin abin yana Boko, can ƙasar Kusada, inda aka haife su. Uwarsu ta rasu ana gama yaye Mairama, kakarsu ta wajen uba ta riƙe su. Aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki, tuwon dare ya koma 'yar malmala. Maza ake fara zuba wa a kai waje, mata da 'yan mata su ƙarasa da ƙanzo. Ɗalha ya fara tasawa, don haka da maza yake ci, Mairama kuwa ita ce mai wanke-wanke. Wata rana ta jawo akushin maza za ta wanke, sai ga loma guda a gefe, an murza ta sumul, an danna mata rami da babban yatsa, an cika ramin da miya. Ta waiga ta ga Ɗalha ya ba ta baya yana sakace, wai shi bai san zancen ba. Da ta matsa masa da tambaya, cewa ya yi ladan mai wanki ne, ta ci ta rufe baki. Yunwa ta wuce, aka koma cin tuwo har a bar saura, amma Ɗalha bai bar ajiye lomar ba.

Da ta isa aure, Labaran ta aura, wani manomin dawa na Kankiya, abokin Ɗalha tun suna samari masu bin kasuwa. Ba a jima ba Ɗalha ya zama malamin dabbobi, aka kawo shi Kankiya, ya kama gida a unguwa ɗaya da su. A ƙofar gidan Labaran akwai wani babban durumi, a gindinsa magidantan unguwa ke ciyayya. Bayan sallar magariba kowa ya fito da akushin gidansa, a jera a kan tabarma, a jawo na farko kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na biyu, har a gama. Akushi kuwa mijin gida yake bi. Inda maigida ya zauna nan tuwon matarsa ke zuwa, babu macen da ke aika nata wani wurin. Amfanin ciyayya shi ne ba a gane wanda bai kawo ba. Lokacin da matar Ɗalha ta rasu, ɗiyansa kuma suka watsu Kano da Katsina, ba a sake hura wuta a gidansa ba, amma bai taɓa kwana da yunwa ba, ba a kuma taɓa nuna an lura ba.

Mairama ba ta taɓa zama a gindin durumin nan ba, amma babu abin da ke wakana a can da ba ta sani. Murhunta yana jikin katanga ne, muryoyi na tsallakowa, sauran labarin kuma akushi ke kawo mata. In an suɗe shi ƙal, miya ta yi. In an bar rabi, to an yi mutuwa ko an yi faɗa. Kome aka yi dai, lomar tana nan a gefe. Wani bijimi ya taɓa fizgar igiya a hannun Ɗalha a wata ruga wajen Fakuwa, ranar da ya je yi wa shanu allura, babban yatsansa ya karye ya warke a karkace. Tun daga nan ramin lomar ya zama ɗan siriri mai kwanciya gefe guda. Mairama na da jikoki, tana da furfura, amma kowane dare sai ta ɗauki lomar nan ta ci a tsaye kafin ta zuba ruwa a akushi. Ba ta taɓa yi wa Labaran zancen ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Gardama kuwa, ai ita ce man shanun tuwon maza. Sun yi ta a kan taki, sun yi ta a kan jam'iyya, sun yi ta a kan ko an ga wata ko ba a gani ba. Sai ka ji kamar za a dambace, can wani ya saki wata barkwanci a kwashe da dariya, a miƙa wa wanda ya fi zafi ruwa. Kowa da "a ganina" yake farawa, gobe in ya sake gani babu mai kama shi da laifi.

Sai shekarun nan na tsoro suka zo. Labari ya yi ta zuwa daga yamma, an kore shanu a can, an ɗauke mutane a nan, direbobi suka riƙa gudun tafiyar yamma. Zancen gindin durumi ya koma ɗaya: mi za a yi? Wasu suka ce a haɗa samari a ba su makamai su riƙa tsaron gari, a kuma hana mutanen ruga shiga kasuwa, har da mata masu tallan nono, tunda ba a san na kirki ba a san mugu ba. Wasu suka ce tsaro dai a yi, amma kora ba ta taso ba. Mairama na tuƙin tuwo tana saurare, ta kuma tabbata a ranta cewa da an bar su a haka, da mako bai zagayo ba sun daidaita: a yi sintiri, a bar masu nono. Har sun fara karkata can.

Ɗalha ne ya fara jawo kundin tsarin mulki, kuma da kyakkyawar niyya ya jawo shi. Ya ce ya ji wani lauya a rediyo yana bayani, sashe na arba'in da ɗaya ya ba kowane ɗan ƙasa damar ya je inda yake so, ya zauna inda yake so, kuma kundin bai yarda kowa ya kafa tasa rundunar ba. Saboda haka zancen kora ma bai kamata a ɓata yawu a kansa ba, an riga an gama shi. Labaran, wanda ya fi kowa son a tsananta, ya ga an kayar da shi a gaban mutane, ya shigo gida yana huci kamar kububuwa. Washegari bai je gona ba. Ya tafi rumfar Ummaru mai cajin waya, ya yini yana sauraren saƙonnin murya, da magariba ya dawo da nasa makamin. Ya ce kundin nan dai, shi ɗin dai, a sashe na sha huɗu ya ce tsaron rai da jin daɗin jama'a shi ne farkon aikin hukuma. In hukuma ta kasa, wa zai hana mutum ya kare ɗiyansa?

Wallahi a duk unguwar babu wanda ya taɓa riƙe littafin nan a hannu. Ɗalha kaɗai ya taɓa ganin bangonsa a kan teburin wani ofis, shi ma bai buɗe ba. Amma daga ranar "a ganina" ta mutu. Kowa sai "tsarin mulki ya ce". To mutum na iya janye ganinsa, amma yaya zai janye abin da ya ce ƙasa ce ta rubuta? Wanda bai yarda da kai ba ya tashi daga mai kuskure, ya koma mai taka doka, ko kuma wanda bai damu a kashe ku ba. Barkwanci ya daina ci. Mai miƙa ruwa ma ya zaɓi ɓangare.

Ranar da abin ya fashe, tuwon dawa Mairama ta yi da miyar kuka, ta sa daddawa har da ƙari don ta san wanta na so. Tana kankare tukunya ta ji Ɗalha na cewa, Hassana mai nono da ke shiga gidan nan tun ɗiyan gidan na rarrafe, ita ma ɓarauniya ce? Sai muryar Labaran ta tsallako katanga, a sanyaye, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Malam Ɗalha, mutumin da ke yini a ruga, ya dawo ya ci tuwonmu, ya ji shirinmu, gobe ya koma ruga, mi sunan shi?"

Kowa ya san sunan. Infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. A shekarun nan ba zagi ba ne kawai, suna ne da ke iya sa a tsinci mutum a bayan gari. Mairama ta ji ƙarar ruwa a ƙasa, wani na wanke hannu tun ba a gama akushin farko ba.

"Labaran," in ji Ɗalha, "na rantse da Allah ba ni ƙara cin hatsin gonarka, sai ka janye maganar nan inda ka faɗe ta."

Akushi ya dawo da fiye da rabin tuwo. Mairama ta kai shi gaban fitila, ta juya shi, ta sake juyawa, har ta ɗaga malmalar ta duba ƙarƙashi. Babu loma. Ta zauna a bakin murhu ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar kakarsu.

Tabarma ta rabu biyu. Ɗalha da masu ra'ayinsa suka koma ƙofar masallaci, Labaran da nasa suka riƙe durumi. 'Yan unguwa, da ba su rasa abin tsokana, suka raɗa musu suna: 'yan arba'in da ɗaya da 'yan sha huɗu. Da wasa aka fara, sai ga shi ana tambayar gidan su yarinya na wane sashe ne kafin a kai gaisuwa. Matan 'yan arba'in da ɗaya suka koma sayen daddawar kasuwa mai warin hayaƙi, don kada a ga ƙafarsu a gidan Labaran. Abin haushin, maganar da aka fara a kanta ta bi ruwa. Ba a taɓa kafa dokar korar kowa ba. Hassana da kanta ta daina zuwa, don ta gaji da irin kallon da ake bin ƙwaryarta da shi. Su kuwa maza suka wuce gaba, yau 'yan sandan jihohi, gobe ikon gwamna, jibi ƙananan hukumomi. Duk abin da gindin durumi ya ce, ƙofar masallaci ta san nata tun kafin ta ji dalili.

Abin da ke cin ran Mairama ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wanta ba shi da akushi. A gindin durumi tuwon ƙanwarsa yake ci, nasa ne, ba mai yi masa gori. A ƙofar masallaci kuwa baƙon akushin wasu ne, ga shi mutum mai jin kai, sai ya yi loma biyu ya ce Alhamdu lillahi. Ta gan shi ranar wani suna, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta dama fura ta kai masa gida, ya karɓe ta da fara'a, ya tambayi jikoki, sannan ya tambayi geron wace gona ne. Ruwa kawai ya sha. Ta zazzage shi, ta ce shi da Labaran duk tsofaffin banza ne, sun ɗauki littafin da ba su karanta ba sun raba zumunci da shi. Ya ce ta yi gaskiya, amma rantsuwa rantsuwa ce. Ta dawo gida ta zazzage Labaran, shi ma ya ce ta yi gaskiya. Ba abin da ya fi ciwo irin mutum ya ba ka gaskiya ya kuma ƙi motsawa.

Da kaka ta yi, sai dabara ta faɗo mata. Gonar ubansu na nan a Boko, ɗan baffansu Sagir ke nomawa, kuma ba ta taɓa neman rabonta ba. Ta hau mota ta je ta ce a ba ta a dami. Ta kawo geron Kankiya, ta ari turmin maƙwabta don ko ƙurar hatsin Labaran kada ta taɓa shi, ta sussuke, ta surfa, ta kai niƙa ta tsaya a kan mai injin sai da ya share bakin injinsa. Sannan ta je ta gaya wa wanta cewa ga tuwon da rantsuwarsa ba ta hau kansa ba, don geron ubansa ne. Ɗalha ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, rabon da ta ji dariyarsa tun kafin rabuwar.

"Auta, ke ya kamata a kai Abuja ki gyara musu kundin," ya ce. "Zan ci. Amma kin san akushi miji yake bi. Ya ɗauko da hannunsa ya kawo ƙofar masallaci. Ba sai ya ce komi ba, ɗaukowar ta ishe ni."

Ta dawo da murna kamar an ba ta kujerar Makka. Labaran ya saurara, idonsa ya kawo ruwa, don shi ma abin na damunsa, ya daɗe ba ya cin abincin kirki. Ya ce zai kai. Sai dai ba yau ba. Mutanen durumi shi suka ɗauka jagora, in ya tashi da akushi yanzu za a ce 'yan sha huɗu sun miƙa wuya. Amma ga shi rediyo na cewa Majalisa na kan aikin gyaran tsarin mulki, har da batun 'yan sandan jihohi. Da zarar an gama, ta tabbata shi ke da gaskiya, sai ya je a matsayin wanda ya yi nasara ya kuma yi karamci. Ta ɗan ƙara haƙuri.

Kai, maza! Tuwo na ƙofar gida, ana jiran Abuja ta ba da izinin ci. Shi ma Ɗalha can yana manne da tasa rediyon, yana jiran a ce shi ne ya yi daidai. Aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, aka kafa kwamiti, aka tafi hutu, aka dawo. Garin geron ya yi ƙwari a cikin tukunya, Mairama ta watsa wa kaji, ta sussuke wani damin. Shi ma ya bi sahun na farko. Duk lokacin da ta ɗaga zancen, Labaran ya ce saura ƙiris.

Tarin Ɗalha bai tsaya jiran kowa ba. Da ya kwanta, Sagir ya zo ya ɗauke shi ya mai da shi Boko, inda akwai mata a gida da za su duba shi. A nan ne Mairama ta ce al'ada ta ci kanta. Ta ƙulle gari a leda, ta gaya wa Labaran cewa ta tafi, in ya ga dama ya biyo ta. A murhun kakarsu ta tuƙa tuwon, mai laushi, ta kaɗa kuka ta sa daddawarta, ta kai masa ɗaki. Ta tarar abin ya wuce inda take zato, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ya dubi kwanon ya yi murmushi, ya miƙa hannu ya gutsuro, ya fara murzawa. Yatsun suka ƙi. Tuwon ya yi ta zamewa yana faɗuwa a kan tabarma, yana sake ɗauka, har ta riƙe hannun ta ce ya bari.

"Bai zo ba?" ya tambaya.

"Yana tafe, Yaya."

Ba ƙarya ta yi ba. Labaran ya kwana bai runtsa ba, da safe ya fita bakin titi ya hau mota, ba tare da ya jira wani kwamiti ba. Ya iso Boko ya tarar da mutane zaune a ƙofar gida, ana ɗebo ruwan wankan gawa.

Bayan sun dawo Kankiya gidan ya zama wani iri. Labaran ya kashe rediyo ya jefa ta ƙarƙashin gado. Mairama na yi masa duk abin da ta saba, ruwan alwala, tuwo, wanki, amma magana ba ta wuce ina kwana. Ba fushi take nunawa ba, ba ta da abin cewa ne. Ɗalha kuwa ya ƙi barin unguwar. In ta duƙa a bakin murhu sai ta ji ƙarar tsohon babur ɗinsa ya tsaya a gindin durumi, ta kasa kunne ta ji ba kowa. Wani lokaci warin maganin shanu da ke bin rigarsa ya ratso zaure, har ta ɗaga kai za ta ce sannu da zuwa. Ta san mamaci ba ya dawowa, ta yi karatu daidai gwargwado, tana kuma yi masa addu'a bayan kowace salla. Amma sani daban, tsigar jiki daban. Abin da ya fi tsaya mata shi ne hannun nan da ke murza tuwo yana zamewa. Ta kan gan shi a cikin kalwa in tana wankewa.

Akwai sauran geron Boko a ƙasan tukunya, ɗan abin da bai fi tuwo ɗaya ba. Ta rasa yadda za ta yi da shi. Ba ta iya ba kaji, ba ta iya sayarwa, ba ta iya kallonsa. Bayan an yi addu'ar arba'in, wata ranar Laraba, ta daka shi da hannunta ta tuƙa, ta kwashe a akushi ta rufe, ta ajiye a inda ta saba ajiyewa. Labaran ya dawo daga masallaci ya ɗauka. Ta ji ya tsaya a zaure, ta ji ƙarar faifai. A gidansu tuwon dawa ake ci, launin gero ba ya ɓuya. Ya daɗe a tsaye. Da ya fita, ta kasa kunne ta ji takunsa ya wuce durumi bai tsaya ba, ya miƙe hanyar masallaci.

Ana kiran isha'i ya shigo. Ya ajiye akushin a gabanta ya koma bakin ƙofar ɗaki ya zauna, ya sunkuyar da kai. Ta ja akushin ta ji nauyinsa yadda ya fita. Ta ɗaga faifai a tsaye, kamar kullum.

Tuwon na nan, ba a ci ba, sai ɗan gurbi guda a baki. A gefe kuwa ga loma, an murza ta sumul, an yi mata rami, an cika ramin da miya.

Ta zame ta zauna a ƙasa tana Innalillahi. Ta ji warin maganin shanu, ta ji shi sosai, kamar mai rigar na tsaye a bayanta ya juya yana sakace. Ta kasa waiwayawa. Can ta miƙa hannu ta ɗauki lomar, ta matsa da ita gaban fitila. Ramin faffaɗa ne, mai zurfi, ya tafi a miƙe. Yatsan mai riƙon fartanya ne. A gefensa akwai wani ɗan sawu, inda aka gwada kwantar da yatsan aka kasa.

"Malam, wa ya ci?" ta tambaya.

"Babu."

A hankali ya ba ta labari, bai ɗago ba. Ya je ƙofar masallaci ya yi sallama, suka amsa don amsawa wajibi ce. Ya ajiye akushin a tsakiyar tabarma, ya ce ya janye maganar da ya faɗa a kan Malam Ɗalha, ƙarya ce, ya sani tun ranar da ya faɗe ta. Babu wanda ya sa hannu. Wani dattijo a cikinsu ya ce maganar ba su aka yi wa ba, wanda aka yi wa yana Boko, ya kai masa can. Ya ɗauko akushinsa ya juyo. Da ya iso durumi, mutanensa sun riga sun ji inda ya je, suka haɗe gwiwa suka rufe gurbinsa, Ummaru na cewa wanda ya bar sashe ya bar tabarma. Sai ya shigo zaure ya zauna shi kaɗai.

"To wagga fa?" ta ce, ta ɗaga lomar.

"Na ga kullum kina dubawa," ya ce. "Ban iya irin tashi ba."

Ashe duk shekarun nan ya sani. Ashe a gefensa ake murza ta, yana kallo, yana kau da kai. Mairama ta so ta zage shi, zagin na nan cike da bakinta, na damin gero biyu da kaji suka cinye, na Abuja, na motar da ya hau a makare. Ta dube shi, tsoho a bakin ƙofa, ba aboki ba tabarma. Ta sa lomar a baki. Ta yi ta taunawa, ta ƙi wucewa, hawaye na zuba a kan hannunta, sai da ta kora da ruwa.

Har yau ana ciyayya a unguwar, wuri biyu, kuma har yau ana jan sashe da sashe, da sababbin mutane da sababbin wayoyi. Labaran a zaure yake cin tuwonsa. Mairama na nan tana dafa kalwa, tana faɗa da masu saye tana ƙara musu gyara. In ya shigo da akushi, ta kan zauna, ta yi bisimilla, ta ɗaga faifai a hankali. Kullum da loma a gefe. Ta kan ɗauke ta ta juya wajen haske, ta duba yadda ramin ya kwanta, sannan ta ci.